Ƙodar Ƙanwata da Na Zubar a Gonar Riɗi

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mutane ke aiko muku, ina girgiza kai ina cewa Allah ya kyauta, kamar ni ba ni da tawa a ƙasa. To, yau ga tawa. Ina roƙo kada a sa sunana, ba don na cancanci a rufa mini asiri ba, sai don akwai wata baiwar Allah a cikin labarin wadda ta riga ta sha abin da ya ishe ta.

A lokacin ni wakili ne a wata babbar gona a wajen ƙauyen Gedambaliya, wato idon mai gona da bakinsa. Ni ke shiga kasuwar garinmu Gadarif in ɗebo 'yan ƙwadago, ni ke raba musu layi, ni ke daka tsawa idan hannu ya yi sanyi. Shekaruna arba'in da ɗaya, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa ganin mutum mai ji da ƙarfinsa kamar ni ba. Tun ina saurayi ake nuna ni a kasuwar hatsi, saboda ina saɓa buhun dawa ban nemi mai ɗora mini ba. Nakan wuni a rana ban kurɓi ruwa ba, don kawai ma'aikata su gani su ji kunyar zama a inuwa. Idan wani ya ce kansa na ciwo, sai in tambaye shi ko in aika a kira masa uwarsa. Haka nake, kuma halin nan nawa yana burge ni ƙwarai.

Ciwon bai yi sallama ba. Ƙafafuna suka fara kumbura, na ce yawan tsayuwa ne. Abinci ya fita raina, na ce zafi ne. Sai da na yanke jiki na faɗi a gaban sikeli, a tsakiyar kasuwa, a gaban mutanen da na saba yi wa dariya, sannan aka kwashe ni zuwa asibiti. Can aka ce ƙodojina biyu sun daina aiki. Aka sa ni a kan injin wankin ƙoda, sau biyu a mako, awa huɗu ina kwance ina kallon jinina yana fita ta wani bututu yana dawowa ta wani. Ruwan da na raina a da, yanzu da ƙaramin kofi ake auna mini shi, ina binsa da ido kamar yaro da alewa. Wata tara na yi a haka, na rame har jallabiyata ta koma kamar aro.

Wata rana likitan da ke duba mu ya zaunar da ni da iyalina ya yi mana bayanin dashe. Ya ce a da sai mai hali sosai ke samu, don sai an fita waje, amma yanzu ana yi a Hartum, babban birnin ƙasarmu, ana yi wa manya, an ma fara yi wa yara ƙanana. Abin da ake bukata ɗan'uwa na jini wanda zai bayar da ɗaya daga cikin nasa biyu, da yardar ransa. Ƙannena maza biyu suka je gwaji. Ɗaya aka same shi da ciwon sukari bai ma sani ba, ɗayan jininmu bai zo ɗaya ba. Muna cikin jimamin wannan sai ga ƙanwata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mai 'ya'ya biyar, mai toya kisra, siririyar wainar dawa da muke ci da miya, tana kai wa masu gidan abinci. Ashe ta roƙi mijinta izini, ta je an ɗebi jininta ba ta gaya wa kowa ba. Ta shigo da takarda a ƙulle a bakin mayafinta tana murmushi, ta ce an ce ita da ni kamar an raba wake biyu.

Na ƙi. Kowa ya ɗauka tausayinta nake ji, har ana ta yaba mini. Ba tausayi ba ne, ko in ce ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne a ce ni, wakilin da ake jin muryarsa daga wannan gefen gona zuwa wancan, da abin cikin mace nake yawo. Mahaifiyarmu ce ta kashe maganar. Ta ce ciki ɗaya ya ɗauke mu, nono ɗaya muka sha, ita ba ta san ranar da aka raba kayan cikinmu aka ce wannan na maza wannan na mata ba. Na sunkuyar da kai, muka tafi Hartum.

Aikin ya yi kyau. Kwana biyu bayansa, ina ɗakin da ba a barin kowa ya shigo, na hango ƙanwata ta gilashin ƙofa, ta tako a duƙe tana dafe da gefen cikinta, ta ɗaga mini hannu. Kafin a sallame mu, likitan da ya yi aikin ya jera ƙwayoyi a gabana ya yi mini magana a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce jikina ba zai taɓa yarda cewa ƙodar nan tasa ce ba, kullum kallon baƙuwa zai yi mata, kuma ƙwayoyin nan su ne ke hana shi far mata. Safe da yamma, har ƙarshen rayuwa, ko na ji garau ko ban ji ba. Ya maimaita sau uku. Na ce na ji, har ina ɗan jin haushin yadda yake nanatawa, sai ka ce da wawa yake magana.

Muka dawo Gadarif aka yanka rago, unguwa ta cika gidanmu. A nan taubashina, ɗan kawuna, ya buɗe wasan da ya zame mini masifa. Ya leƙa fuskata a gaban jama'a ya ce, “Ya zol, mutumina, mabruk, barka da arziki! Yanzu sai a saya maka kaskon kisra, tunda kayan aikin sun riga sun shiga ciki.” Aka fashe da dariya, ni ma na yi. Wasan taubashi ba a fushi da shi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Amma maganar ta bi ni har kasuwa. Wannan ya tambaye ni ko na fara jin sha'awar lalle, wancan ya ce in rage murya kada in tsorata 'yar mutane da ke cikina. Ga shi ƙwayoyin sun kumbura mini kumatu, sun kuma sa hannuna rawa, idan na ɗauki kofin shayi sai ya yi ta kaɗawa a kan faranti kowa yana ji. Na sami lafiya, ina cin abinci, ina fitsari kamar kowa, ina ɗaukar 'yata a kafaɗa, amma duk wannan bai kai mini ƙarar kofin nan girma ba.

Bayan shekara guda na koma bakin aiki. A gona ban gaya wa kowa komai ba, yawancin ma'aikatan baƙi ne, na bar su a kan cewa tsakuwa aka cire mini. Ƙwayoyin na juye su a gwangwanin ganyen shayi, in zaga bayan bukka in haɗiye kamar ɓarawo. Haka har ƙarshen damina, lokacin yankan riɗi. Wanda bai san riɗi ba ba zai gane haukan kwanakin nan ba. Idan ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka. Ka yi jinkiri, kwansonsa ya buɗe baki ya zubar da abin da ke ciki a ƙasa, wahalar shekara ta tafi ga tururuwa. Na fita gona da ƙwayoyin kwana goma, da niyyar in leƙo gari a tsakani. A kwana na shida aka yi wani ruwa na bankwana wanda ba wanda ya zata, baƙar lakar ƙasarmu ta tashi, hanya ta mutu. Lori ba ta shiga ba ta fita.

A nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya ya dube ni da kyau, don kada ya ce ruwan sama ne ya cuce ni. Tarakta tana iya ratsa lakar, kuma a kwana na takwas direbanmu ya shirya zai shiga gari ya kawo kayan abinci. Ya zo ya tsaya a gabana ya tambayi abin da za a sayo. Ba sai na bar riɗin na bi shi ba. Magana ɗaya ce kawai: ya biya gidana ya ce wa matata ta ba shi maganina. Amma direban nan abokin shan shayin taubashina ne, na kuma san kafin rana ta faɗi labari zai zaga sansanin ma'aikata cewa wakili ba ya iya tsayuwa sai da ƙwayar da ke lallashin ƙodar ƙanwarsa. Na buɗe baki na lissafa masa sukari, ganyen shayi, busasshen kifi, albasa da man inji. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Na tsaya ina kallon taraktar tana tafiya tana watsa laka har ta ɓace.

Na fara raba ƙwayoyin, ta safe yau, ta yamma gobe, har suka ƙare. Na zauna ina jiran abin da likita ya tsoratar da ni da shi, bai zo ba. Maimakon haka, bayan 'yan kwanaki na ɗauki kofin shayi na ga hannuna ya tsaya cak. Wallahi daɗin da na ji a ranar ya fi wanda na ji ranar da aka sallame ni daga asibiti. Na ce a raina ashe likitoci ma suna da nasu tsoron banza, jiki irin nawa ya riga ya murƙushe baƙuwar ya mai da ita tasa. Muka yanke riɗin duka, muka ɗaure muka jingina shi ya bushe, ba mu yi asarar komai ba, mai gona ya yi ta sa mini albarka. Hanya ta buɗe na koma gida, kuma ban koma wa maganin ba. Matata ta miƙo mini ƙwayar da ruwa, in kai hannu baki, in zura ta a aljihu. Ranar zuwa gwajin jini ta zo na ce aiki ya yi yawa. Sama da wata guda ina wannan wasan.

Zazzaɓi ya fara zuwa, na ce na sauro ne. Sai wurin ɗinkin ya ɗauki zafi, fitsari ya ragu, ƙafafun nan suka sake cika takalmi. Aka ɗauke ni sai Hartum, ƙanwata na gefena a mota tana ta shafa mini ruwa a goshi. Likita ya duba sakamakon jini, ya sallami kowa daga ɗakin, ya rufe ƙofa. Ya ce babu ko ɗigon maganin a jinina, ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cire tabaransa kawai ya yi ya murza idanunsa, ya ce akwai yara a ɗakin da ke ƙasa da nawa waɗanda iyayensu suka zo gwaji ɗaya bayan ɗaya ba a sami wanda ya dace ba. Sun yi makonni suna ƙoƙarin ceto ƙodar da manyan allurai, amma jikina ya riga ya gama da ita. Na roƙe shi kada ya gaya wa iyalina dalili. Ya ce sirrin maras lafiya nasa ne, shi ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai tona ba. Abin da ya ce musu shi ne jiki ya ƙi karɓar ƙodar.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu wauta ce da girman kai. Abin da ke biye shi ne wanda ke hana ni haɗa ido da kaina. Ranar da muka dawo gida, ina kwance a rumfa, ƙanwata ta zo ta durƙusa a gaban gadon, a gaban mahaifiyarmu da matata, tana kuka. Ta ce, “Yaya, malesh, ka yafe mini. Tawa ce ba ta da ƙwari. Haihuwa biyar ta cinye ta, da na sani, da ban sa an yanka ka a banza ba.” Ta riƙe ƙafata da hannu biyu. Ina jin gaskiyar a bakina, tana nan a kan harshe. Sai na ɗora hannu a kanta na ce ba komai, haka Allah ya ƙaddara, na yafe mata.

Shekara huɗu na bar ta da wannan. Na koma kan inji, aikin wakilci ya tafi, taubashina ma ya daina wasan don ya ga abin ya wuce wasa. Ita kuwa magana ta bi ta. Dangin mijinta suka ce ta je ta yanke jikinta a kan abin da bai yi amfani ba. A gidajen biki da na makoki mata suka riƙa cewa ai dama ƙodar mace ba ta riƙe namiji, balle macen da ta hayayyafa. Tun ana faɗa a bayanta har aka koma faɗa a gabanta, ita ma ta yarda. Duk ranar wankina sai ta aiko da abinci marar gishiri, ta zo da kanta ta tsaya daga bakin ƙofa kamar mai laifi. Ni kuma in karɓa in ci, in ce Allah ya yi albarka.

Abin da ya fasa ƙwan, wani yaro ne ɗan shekara tara a bayan layinmu, wanda ƙodojinsa suka lalace tun yana ƙarami. An gwada uwarsa ta dace, likitoci a Hartum sun sa rana. Sai kakan yaron da baffanninsa suka ce ba za a yi ba, suka kafa hujja da ni: ga wane nan, ƙato guda, ta mace ba ta riƙe shi ba. Uwar ta rasa inda za ta sa kanta, ta je wurin ƙanwata neman shawara, tunda ita ta taɓa bin hanyar. Matata ce ta ba ni labarin, tana tsince shinkafa, ba ta san abin da take soka mini ba. Ta ce ƙanwata ta riƙe hannun matar ta ce kada ta yi, kada ta ɗora wa ɗanta wahalar yanka a banza, ta dubi abin da tata ta yi wa yayanta. Ko da na ji haka sai da na ƙara kwana tara ina juya maganar, ina neman wata hanyar da za ta gyara abin ba tare da na buɗe bakina ba. Babu ita.

Na sami ƙanwata da hantsi a gaban murhu tana toya kisra. Na zauna a ƙasa, abin da ban taɓa yi a gidanta ba, na faɗa mata komai, har da sukari da busasshen kifi. Ba ta katse ni ba. Kisrar da ke kan kaskon ta ƙone, ta kankare ta ta zubar, ta sauke kaskon. Ta shiga ɗaki ta yafo mayafi ta ce in tashi. Ta sa ni a gaba har gidan su yaron, ta ce a kira kakan da baffannin, ta tsaya a gefe ta ce in maimaita. Na maimaita, a gaban maza, a tsakar rana, mata na saurare ta bayan zana. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, kuma na san ko rabin tata ta shekara huɗu ba ta kai ba. Bayan wata biyu aka yi wa yaron aiki da ƙodar uwarsa. Yana nan yana zuwa makaranta, an ce uwar da kanta take sa masa ƙwayar a baki ta ce ya buɗe ta gani.

A hanyarmu ta komawa daga gidan ne ƙanwata ta yi mini magana, sau ɗaya, ba ta ko dube ni ba. Ta ce ƙodar ba ta dame ta ba, kyauta ce ta bayar, wanda aka ba kyauta yana iya yar da ita. Sannan ta ce, “Amma Yaya, ranar nan da na durƙusa, me ya hana ka ce mini in tashi?”

Wannan shi ne labarina. Yanzu dashen ƙoda ya yawaita a ƙasarmu, kusan kowace unguwa akwai wanda aka yi wa ko wanda ke jira, manya da yara. Ina roƙon duk wanda Allah ya ba wannan dama ya ji daga bakin wanda ya zubar da tasa. Ranar da ka ji ka warke sarai, ranar ce ta fi haɗari, ka sha maganinka. Idan za ka yi nisa da gari, ka ɗauki fiye da abin da kake zaton za ka bukata, kuma ka bar ko mutum ɗaya a wurin ya san halin da kake ciki. Masu wasa kuma su san inda wasa ke tsayawa, ko da yake ban ɗora wa taubashina laifi ba, shi magana ya yi, ni na zaɓi in ji tsoronta fiye da tsoron Allah. Ƙodar mace tana riƙe namiji, ta riƙe ni da kyau har ranar da na sake ta. Idan kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun da wuri, don idan ka yi shiru laifin ba ya ɓacewa, wani marar laifi ne zai ɗauka ya yi ta yawo da shi.

Ƙanwata tana gaishe ni, tana aiko da abincin ranar wanki kamar da, ta daina tsayawa a bakin ƙofa, takan shigo ta zauna. Amma ba ta ce ta yafe mini ba. Ni na furta kalmar nan cikin sauƙi ranar da ba ni da ikon furta ta. Ita da take da iko har yau ba ta furta ba, ni kuma ba ni da bakin da zan roƙa.